Ra'ayinmu: In Za Ka Gayya, Tafi Da Garmarka

A cikin makon jiya aka kawo mana wata ƙara, wadda da fari muka ɗauka ba ta kai a ɓata mata takarda ba. Amma da muka zauna muka saurari ɓangarorin biyu, sai muka ga abin da ya auku a ɗaki guda yana iya aukuwa gobe a kowane ɗakin kwamfuta, ko a kowane ofishin Gwamnati. Saboda haka muka ga ya kamata mu ba maganar wannan fili.

Waɗansu 'yan'uwanmu ɗalibai su bakwai, da ke haya gida ɗaya a cikin garin Aliero, suka yi karo-karo suka sayi kwamfutar tebur ta gwanjo, don zane-zanen injiniya da buga rubutun binciken shekarar ƙarshe. A cikinta akwai abin nan da masu gyara ke kira girafik, mu kuwa a nan za mu kira shi katin hoto, watau ɓangaren da ke zana duk abin da ido ke gani a allon kwamfuta. Nasu ƙirar kamfanin Nvidia ne, samfurin GTX 970, wanda ya fito a 2014. Wata da watanni na'urar tana aiki lafiya lau. Ana nan sai ta fara ɗingishi. A ja linzami, kibiyar ta tsaya cak, sa'an nan ta yi tsalle ta faɗa wani wuri dabam. A buga kalma, haruffa su ƙi fitowa, sai an ɗaga hannu su zubo gaba ɗaya kamar an kwance bakin buhu. Fanka kuwa ba ta daina kuka muddin akwai wuta. Aka ce cuta ce ta shige ta. Aka ɗora ta bisa babur sai Jega, mai gyara ya duba ya ce sai an wanke ta tas. Aka wanke, aka biya. Cikin wankin nan ne babi guda na binciken ɗayansu ya salwanta, don bai ajiye kwafi a wani wuri ba. Kwana biyu da komowa gida, ɗingishi ya dawo yadda yake.

Daga baya aka gane ashe ɓarawon yana cikin gida. Ƙaraminsu, mai karatun kimiyyar sinadarai, shi ya sa wata manhaja mai suna Folding@home, ya bar ta tana aiki ba dare ba rana, kuma bayan wanki ya sake sa ta, bai ko kawo a ransa ita ce sanadi ba. Nan fa rigima ta tashi. Kowa dai bai manta da zazzaɓin maining na 2024 ba, lokacin da samari da 'yammata suka duƙufa dangwalar waya kan Notcoin da Hamster Kombat. Sai aka ce lalle kuɗi yake haƙa da kayan jama'a yana sakawa aljihu. Yaro ya rantse ya maya bai taɓa samun ko kwabo ba, aikin lada yake yi, kuma shi abin da ya karanta shi ne manhajar ba ta cin komai sai ragowar ƙarfin da na'ura ba ta amfani da shi.

Mun bincika, mun tabbata gaskiya ya faɗa game da kuɗi. Wannan manhaja ba ta biyan kowa, maki kawai take rubuta wa mutum, makin da ba ya sayen ko ƙwayar albasa. Amma a kan maganar ragowar ƙarfi, a nan ne ya yi kure, kuma kuren nan shi ne abin da muke so mu warware.

Duk wanda ya tashi a Fagada ko Maiyama ko ƙauyukan gefen Jega, ba ya bukatar a fassara masa gayya. Gona ta fi ƙarfin mai ita, sai ya gayyato samarin unguwa, kowa ya zo da garmarsa, a jera a kama kuyya, kafin azahar an tashi aikin da zai ci mutum ɗaya mako biyu. To, masana kimiyya ma sun gano wannan dabara. Akwai lissafin da ya fi ƙarfin kowace kwamfuta guda, amma yana yankuwa gunduwa-gunduwa. Sai a aika wa dubban mutane ta intanet, kowa na'urarsa ta warware gunduwa ɗaya ta mayar, a can a harhaɗa. A 1996 aka fara irin wannan gayya don neman manyan lambobin da ba su rabuwa. A watan Mayu na 1999 Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili a Amurka ta buɗe SETI@home, mai tace sautin da babban faifan rediyo na Arecibo ke kamawa daga sararin sama, miliyoyin mutane suka shiga, har zuwa ƙarshen Maris na 2020 da aka daina raba aikin. Daga wurin ne David Anderson ya fitar da BOINC a 2002, watau dandali guda wanda kowane mai bincike zai iya kiran tasa gayyar a kai. Ita kuwa Folding@home, Vijay Pande ne ya kafa ta a Jami'ar Stanford a shekarar 2000, don nazarin yadda ƙwayoyin furotin ke naɗe kansu a jikin ɗan Adam, abin da in ya karkace yakan jawo cututtuka irin su mantuwar tsufa. Lokacin annobar korona a 2020 jama'a suka yi mata ca, har ƙarfinta ya haura lissafi biliyan sau biliyan a cikin sakan ɗaya, ya zarce na kowace babbar kwamfuta da ke duniya a wancan lokaci. Ko shakka babu wannan abin a yaba ne, kuma ba mu ga laifin ɗan'uwanmu ba da ya yi sha'awar a ce da shi aka yi.

To, me ya kawo ɗingishi?

Kwamfuta tana da ma'aikata iri biyu. Na farko shi ne furosesa, wanda ke da hannuwa kaɗan, huɗu ko takwas, amma kowane hannu gwani ne, kuma yana iya ajiye wannan aiki ya ɗauki wancan cikin ƙiftawar ido. Windows ko Linux yana tsaye a kansa kamar sarkin tasha, yana cewa wannan ya shiga, wancan ya jira. Masu shirya manhajar gayya sun roƙi a sa su can ƙarshen layi. Saboda haka da zarar mai kwamfuta ya taɓa linzami, sai a ture aikin gayya gefe, a yi nasa, sa'an nan a komo. Shi ya sa shekara da shekaru mutane suna ba da furosesa aro ba su ji wani nauyi ba, kuma daga nan maganar ragowar ƙarfi ta samo asali.

Katin hoto halinsa dabam ne. Hannuwansa ba gwanaye ba ne, amma suna da yawa ƙwarai. Wanda ake rigima a kansa yana da 1,664, duk suna yin abu iri ɗaya a lokaci ɗaya. Don zane aka ƙera shi, amma da aka lura cewa irin lissafin zane shi ne irin lissafin furotin, sai aka fara ɗora masa aikin bincike. Folding@home ta fara haka a 2006, Nvidia kuma ta saki CUDA a 2007, hanyar da ta sauƙaƙa wa masu bincike rubuta masa aiki. Aka sami sauri ninkin-ba-ninkin. Sai dai akwai wani hali da tsofaffin katuna ke da shi: in an zuba masu aiki, ba su san a dakata ba sai ya ƙare.

Ku ɗauki misalin injin niƙa. Mai buhun masara ya riga ya juye kayansa cikin mazurari, inji ya kama. Sai ga yarinya da ɗan kwanon gero, ana jiranta gida a dama kunu. Aikinta bai kai minti ɗaya ba, amma ba yadda za a yi a tsayar da inji a kwashe masara a zuba nata. Dole ta jira. In ta samu aka niƙa mata, kafin ta sake dawowa da wani kwanon an juye wani buhu. To, yarinyar nan ita ce allon kwamfutarka. Yawancin alluna suna sabunta hoto sau 60 a cikin sakan ɗaya, watau kowane hoto yana da ƙasa da kashi 17 cikin dubu na sakan a zana shi. In gunduwar aikin gayya ta riƙe katin na kashi ɗaya cikin goma na sakan, hotuna shida sun wuce ba a zana ba. Maimakon allo ya motsa sau 60, sai ya motsa sau 10, ido kuwa ba a ruɗinsa a kan wannan. Harafin da ka buga ya shiga tun tuni, furosesa ta karɓa, mai zana shi ne ba ya nan.

Abin yakan wuce haka. Tun daga Windows Vista, in katin hoto ya yi sakan biyu bai amsa kira ba, Windows yakan ɗauka ya suma, sai ya tashe shi da ƙarfi, allo ya yi baƙi na ɗan lokaci, aikin da ke kai ya zube. Don gudun haka masu shirya manhajojin suna daddatsa aikin ƙanana. Amma in sun datsa shi ƙanana ainun, katin yakan ɓata lokaci wajen karɓa da miƙawa, bincike ya yi nawa. Watau ɗingishin nan da ake gani, wani ɓangarensa ciniki ne da aka ƙulla tsakanin saurin bincike da jin daɗin mai na'ura, kuma ba a gaban mai na'ura aka ƙulla shi ba. A 2016 Nvidia ta fito da katuna masu tsarin da ta sa wa suna Pascal, waɗanda ke iya katse lissafi a tsakiya su zana allo su koma. Wannan ya rage matsalar sosai, ko da yake bai kashe ta ba. Amma mu tambayi kanmu, katin wace shekara ke isowa hannun ɗalibi a nan? Wanda Bature ya gama ci ya yar. Matsalar da waɗansu suka fara mantawa da ita, a wurinmu yanzu take tashe.

Maganinta kuwa ba ya bukatar zuwa Jega, wannan shi ne abin takaicin. A cikin BOINC akwai wurin da ake cewa a dakatar da katin hoto muddin mutum yana amfani da kwamfuta, kada a ci gaba sai an yi minti uku ba a taɓa ta ba, kuma da haka take zuwa in ba wani ya canja ba. Folding@home ma tana da zaɓin kada ta yi aiki sai na'ura tana zaune banza. Wanda kwamfutarsa ke da ƙaramin mazanin hoto a jikin furosesa, yana iya zare wayar allo daga katin ya soka ta a can, ya bar katin da lissafinsa, kowa da injinsa. Da mai gyaran nan ya buɗe jerin ayyukan da ke gudana ya duba na minti biyu, da ya ga mai cin katin ƙuru-ƙuru. Amma wanki ya fi sauƙi, kuma ya fi kawo kuɗi. Muna jan kunnen 'yan'uwa, duk wanda ya ce a wanke kafin ya faɗi sunan cutar, a ɗauki kaya a yi gaba.

Sai dai a ganinmu, gyaran ɗingishi bai rufe maganar ba. Hasali ma ɗingishin ya yi mana rana, don shi ya tona abin da ke ɓoye. Katin da ke zaune yana zana takardar rubutu wuta kaɗan yake sha. Katin da ke lissafi yana sha iyakar cikinsa, na waɗannan samari wat 145. In ya kwana ya wuni yana aiki, ya sha kusan yunit uku da rabi, a wata ya haura yunit 100, ban da sauran jikin kwamfutar. A watan Afrilu na 2024 aka kai yunit ɗaya na masu layin farko Naira 225, kafin daga baya a ɗan sassauta. Ku auna da kanku. Wanda ba ya kan wannan layi kuwa kada ya yi murna, don shi rabin wutarsa daga janareta take fitowa, kuma kowa ya san inda kuɗin fetur ya nufa tun da aka janye tallafi a watan Mayu na 2023. Ga kuma zafi. A bazara garuruwanmu sukan haura digiri 40, katin kuwa in ya kai wajen digiri 80 sai ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Ƙurar hunturu ta riga ta toshe masa hanci. Ɗan sa-kai na ƙasar Jamus, zafin da na'urarsa ke fitarwa ɗumama masa ɗaki yake yi rabin shekara. Namu kuwa gasa mai ɗaki yake yi, yana kuma rage wa fanka kwana. Kyauta ce, ba mu musa ba, amma kyauta ce mai tsada, kuma a gidan nan mutum bakwai suka biya, mutum ɗaya ya yi niyya.

Nan ne muka rabu da ɗan'uwanmu. Gayya tana da ƙa'ida. Ba a zuwa sai an sallami gandu. Ba a kwance shanun maƙwabci da asuba a tafi da su gonar wani, a ce ai dā ma a ɗaure suke ba abin da suke yi. Kyakkyawar niyya ba ta halatta kayan da ba naka ba. Su kansu masu shirya waɗannan ayyuka sun rubuta a ƙa'idojinsu cewa kada kowa ya sa manhajar sai a kwamfutarsa, ko wadda mai ita ya ba shi izini.

Wannan magana ta fi shafar 'yan'uwanmu da suka gama suka kama aikin Gwamnati, da kuma masu riƙe makullan ɗakunan kwamfuta. Mutum ya ga na'ura ashirin jere, ƙarfe huɗu kowa ya watse, sai zuciya ta ce ai asara ce. A jihar Jojiya ta Amurka an gurfanar da wani ma'aikacin kwaleji a 2001 saboda ya sa irin wannan manhaja a kwamfutocin wurin aikinsa ba da izini ba. Sai a farkon 2002 aka sasanta, bayan ya yarda ya biya Dala 2,100, ya yi wa jama'a aikin awa 80, kuma a sa masa ido shekara guda. A 2009 wani shugaban sashen kwamfuta na makarantun wata gunduma a jihar Arizona ya rasa aikinsa saboda SETI@home da ya sa a na'urori wajen 5,000, hukumar ta ce ɓarnar ta haura Dala miliyan ɗaya. Ko an yi ƙari a lissafin ko ba a yi ba, aiki dai ya tafi. Mutanen nan ba ɓarayi ba ne, ba su tambaya ba ne kawai.

Kada a fahimce mu a karkace, a ce mun hana. Mu da muke jihar Kebbi mun fi kowa dalilin son wannan hanya. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya nuna kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran jihar nan da aka gwada suna ɗauke da ƙwayar cutar, alhali na ƙasa baki ɗaya kashi 22 ne. Ba jihar da ta kai mu. To, daga 2006 zuwa 2016 an yi wata gayya mai suna malariacontrol.net, wadda cibiyar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Basel a Suwizalan ta kira, da taimakon CERN da waɗansu matasan masana daga Mali da Kamaru, don a kwatanta a cikin kwamfuta yadda cutar ke yaɗuwa, da abin da gidan sauro ko magani ko rigakafi zai rage. A 2019 kuma Jami'ar Fasaha ta Delft da ke Holan ta kira wata a dandalin World Community Grid, don kwatanta yadda ruwan sama ke zuba a Afirka kudu da Sahara, saboda manomi ya san lokacin shuka. Sauronmu ne, daminarmu ce, amma masu kiran gayyar suna Basel da Delft. Ba mu ce sun yi laifi ba, sun ma kyauta. Abin da ke damunmu shi ne har yanzu burin ɗalibinmu bai wuce ya ga sunansa a jerin masu maki ba. BOINC kyauta ce, kowa yana iya ɗauka ya kafa tasa. Albasar Aliero da ke ruɓewa a rumbu kafin farashi ya tashi, da ambaliyar da ke cinye shinkafar fadama, duk tambayoyi ne da ke da lissafi a cikinsu. Muna so mu ga ranar da ɗalibin lissafi da na aikin gona za su zauna su tsara tambayar, su nemi malami ya duba, sa'an nan mu ne masu gona, waɗansu su zo da garma.

Kafin wannan rana, muna roƙon Ƙungiyar Ɗalibai ta nemi zama da masu kula da ɗakunan kwamfuta, a rubuta ƙa'ida a fili, a manna a bango: wa ke ba da izini, wane lokaci, da wace wuta. In an yarda a yi, a yi da sunan ɗalibai baki ɗaya, a san da shi, kada a bari sai na'ura ta fara ɗingishi a shiga zargin juna. Ƙungiyar ɗaliban kimiyyar kwamfuta kuma, da ta ware yamma ɗaya ta koya wa jama'a yadda ake duba abin da ke cin na'ura, da yadda ake ajiye kwafin rubutu wuri biyu, da ta ceci aljihu da yawa.

Su dai samarin nan bakwai sun zauna ranar Juma'a bayan sallar la'asar. An janye maganar sata, wanda ya fara furta ta ya ba da haƙuri a gaban kowa. An yarda manhajar ta zauna, amma ba za ta tashi ba sai bayan sha biyun dare, kuma sai da wutar gari, ban da janareta, kuma za a kashe ta ɗungum daga Maris zuwa faɗuwar ruwa. Shi mai manhajar ya ɗauki alkawarin sake buga babin da ya ɓata daga rubutun hannu, shafi talatin da wani abu, yana kan na goma sha ɗaya lokacin da muka kai wannan mujalla wurin bugawa. Kuɗin babur da na mai gyara ne har yanzu ba a daidaita wanda zai biya ba.